Shahon Halliru Gyartai

Kafin roba ta cinye kasuwa, babu rugar da ke tsakanin Gangara da Unguwar Lalle da ba ta san muryar Halliru ba. Gyartai ne, ɗan gyartai. In ƙwaryar nono ta tsage ba a yar da ita, sai a jingine ta bayan bukka har ranar da za a jiyo shi daga nesa kan jaki yana kiran sana'arsa. Zai zauna gindin itace, ya hura 'yar wuta, ya gasa basilla har ta yi ja, ya bi bakin tsagar yana hudawa hagu da dama. Sannan ya ɗinke da zaren kaba, ya ja, ya ƙara ja, har leɓɓan tsagar su ciji juna. Ya shafe da ƙaro, ya ce a zuba ruwa. In ɗigo ɗaya ya fito, ko furar gidan ba zai sha ba sai ya warware ya sake.

A irin wannan yawo ya samo matarsa Inno. Ƙwaryarta ta riƙa tsagewa fiye da ta kowa a rugarsu, har uwarta ta gane ba saniya ke shure ta ba.

Sai roba ta zo. Roba kuwa, Allah wadai da ita, ba ta san ta tsage ta jira mai gyara ba, fashewa take yi a jefar a sayi wata. Mata suka koma wa bokiti shuɗi da ja, Halliru ya riƙa dawowa da jakar kayan aiki kamar yadda ya fita da ita. Bai yi wa kowa ƙorafi ba, don dama mutum ne da sai ka matse shi kafin magana ta fito. Ya rataye jakar a ƙusa, ya ɗauki fartanya, ya koma wa gonar ubansa a Tungar Aduwa, 'yar tungar da ke gabas da Gangara. A nan ya aurar da 'ya'yansa mata ɗaya bayan ɗaya, a nan gemunsa ya yi fari.

Daga baya mutanen daji, 'yan bindiga, suka addabi ƙasar, tunga ta soma zubewa. Yau ka ji wane ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Nijar, gobe ka ga ƙofar wane an jingine ta da ƙaya. Wasu suka yi Isa, wasu Sabon Birni. Da aka kusa shuka, Inno ta ɗaure kayanta ita da autarsu Firdausi, za su gidan yayanta da ke dillancin shanu a Sabon Birni. Halliru ya ce shi ba ya zuwa ko'ina. Ta san halin mijinta, ba ta tsaya ja da shi ba.

"Malam, ga magana guda," in ji ta, tana gyara gammo. "In rumbu ya cika bana, za ni komo ko da ƙafa ne. In bai cika ba, kai za ka taho. Ba ni barin ka nan kana cin tafasa kai kaɗai."

"Shina cika," in ji shi.

Ya san abin da ke jiransa in bai cika ba. Tabarma ce a zauren yayan matarsa, kusa da buhunan dusa, a riƙa miƙo masa tuwo kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Gidan da ubansa ya gina kuma ya zama na gara. Duk abin da ya rage masa a duniya yana cikin wannan gero, kuma ya sani.

Ruwa bai yi masa rowa ba a shekarar. Geron ya tashi baƙi ƙirin, ya wuce kansa, ya fid da zangarniya masu kauri. Amma akwai abin da Halliru bai lissafa ba. A da, in ka tsaya bakin gonarsa, gero ne gabas da yamma iyakar ganinka, tsuntsayen jan-baki in sun zo sai su rarrabu, kowa a ɗan taɓa shi. Ga yara a kowace gona, masu majajjawa da masu kaɗa gwangwani, ihu daga hantsi har faɗuwar rana. Bana gonakin maƙwabta duk sun zama saura, ciyawa har ƙugu. Gonarsa ce kaɗai tsaye a tsakiyar fili, kuma duk tsuntsun da ke ƙasar zai gan ta. A tungar kuwa ba a bar kowa ba sai tsoho Ɗanmusa, abokinsa tun suna kiwon awaki, da wasu 'yan tsofaffi maza da mata da ba su da inda za su.

Tun ƙwaya ba ta kama ba ya shiga Sabon Birni ranar kasuwa neman igiya da gwangwanaye. A layin 'yan gwanjo ya ga wani abu rataye a rumfar Jabir, mai fukafukai biyu, ja da baƙi, faɗinsa ya kai mutum ya buɗe hannuwa. Ƙyallensa irin na lema ne, an ɗame shi kan wasu siraran sanduna baƙaƙe. Fiffike ɗaya ya karye ya lanƙwashe, ƙyallen ya yage daga baki har kusan tsakiya.

"Mi ne ne wanga?" in ji Halliru.

"Cikin dila nis same shi, Baba. Irin jirgin ledar da yara ka yi ne, amma na Turawa. Igiya biyu gare shi. Tsaya ka gani."

Jabir ya latsa wayarsa ya miƙo masa. Wani Bature ne a bakin teku, hannuwansa biyu riƙe da igiya, abin yana can sama yana yankan iska. Ya yi sama, ya juyo, ya sheƙo ƙasa kamar zai ɗauki ɗan tsako, ya sake tashi. Halliru ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Shi ba Baturen yake kallo ba, ba tekun ba. Shaho ya gani, kuma ya san abin da jan-baki ke yi in inuwar shaho ta gifta.

"Ya lalace fa, Baba," in ji Jabir. "Ba mai iya gyara shi nan."

Kai, wa ya aike shi faɗa wa gyartai haka? Halliru ya biya, ya naɗe abin cikin buhu, ya ɗaura a bayansa.

Ya sauko da jakar kayan aiki daga ƙusa, ya kaɗe ƙurarta. Ya kafa 'yar rumfa a bakin gona, don a lokacin tsuntsaye sun soma leƙowa, ba halin zama gida. Ya shimfiɗa shahon a cinya, ya hura wuta, ya gasa basilla har ta yi ja, kamar yadda hannunsa ya saba tun yana yaro. Bai ko yi tunani ba. Yana ɗora bakinta a kan ƙyallen sai ya ji wari, ƙyallen ya narke ya ja baya, rami ya buɗe wanda babban yatsa zai shige. Ya daɗe yana kallon ramin. Kunya ce ta kama shi, alhali babu kowa a wurin da zai ji kunyarsa.

Ya kashe wutar, ya koma wa allura mai sanyi. Amma hannu ba ya mance abin da ya koya. Ya haɗa bakin yagar ya ɗinke da ƙarfi, ya ja zaren har ƙyallen ya tattare, ɗinkin da ko ruwa ka zuba ba zai ɗiga ba. Sandar da ta karye kuwa ya zare ta ya yar gefe, ya yanko reshen geza mai ƙwari ya fere ya zura a madadinta. Ya ɗaga ya duba, ransa ya yi fari. A ganinsa yanzu ma ya fi ƙarfi.

Nan wata matsalar ta ɓullo. A wayar Jabir wani ne ya riƙe wa Baturen abin ya sake shi sama, shi kuma yana can nesa da igiya. Halliru ya waiga. Ɗanmusa gwiwa ta hana shi zuwa gona sai da dalili, sauran kuwa ko tambayarsu ba zai yi ba. Ya gwada jefa shi sama ya ruga ya kama igiya, dattijo da farin gemu yana tuntuɓe cikin kunyoyin gona. Ya gwada rataya shi a reshen aduwa, ƙaya ta ƙara masa wata 'yar yagar. Daga ƙarshe ya gano ya kwantar da shi rigingine a kan tudun tururuwa, ya zuba 'yar ƙasa a gefen ƙyallen don kada iska ta ɗauke shi, ya ja baya da igiya har ta miƙe, sannan ya fizga.

Ya tashi. Tsawon mutum biyu ya yi, ya karkata wajen fiffiken da aka gyara, ya yi juyi kamar kazar da aka yanka, ya dunguri ƙasa da ka. Halliru ya sake kwantar da shi, ya sake fizga. Haka. Ya sake. Haka dai, kullum gefe guda.

Ana cikin wannan gero ya kama ƙwaya, tana da ruwa-ruwa, lokacin da jan-baki suka fi so. Suka zo kuwa. Da safe za ka hango su daga wajen fadama kamar hayaƙi, su sauka gefen yamma. In ya ruga can yana kaɗa gwangwani sai su tashi su sauka gabas. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya koma buɗe baki kawai ba abin da ke fita. In rana ta take sun koma itatuwa, sai ya dawo rumfa yana haki, ya ɗauki shahon ya juya shi gaba da baya. Da yamma ya bi gefen gona yana shafa zangarniyar da aka tsotse, fara fat, ba nauyi. Tsoro ya shige shi sosai. In ya koma gida ya dafa ɗan abin da zai ci, sai ya ji ƙarar cokalinsa a tukunya ta yi yawa.

Wata rana da azahar ya naɗe fiffike ɗaya kan ɗaya don ya sa shi a buhu, don ya gaji, sai ya ga ba su daidaita ba. Wanda ya ɗinke ya gajarce da kusan faɗin yatsu uku, saboda jan da ya yi wa zare. Ya ɗora abin a kan yatsa ɗaya daga tsakiya, ya rinjaya wajen gezar nan take. Ya ce, "Af." Shi ke nan abin da ya ce.

Warware ɗinkin nasa ya fi yi masa ciwo a kan yin sa. Ya bi shi ɗaya-ɗaya da bakin aska. Ya shiga ɗakin Inno, wanda bai buɗe ba tun tafiyarta, ya ɗauko tsohuwar lemarta da ta karye, ya yanko ƙyalle. Wannan karon bai haɗa bakin yagar da ƙarfi ba, ya bar ta kwance yadda take, ya ɗora maho a kai, ya bi shi da ɗinki sako-sako wanda da ubansa zai gani da ya mare shi. Ya nemo baƙar sandar da ya yar cikin ciyawa, ya ga ashe rami ne da ita kamar bututu. Ya ciro waya ɗaya daga ƙafar wani mataccen keke da maƙwabci ya bari, ya zura ta cikin ramin ta haɗa guntayen biyu, ya naɗe wurin da zare, ya shafa ƙaro.

Ya sake ɗora shi a yatsa. Har yanzu yana ɗan rinjaya. Ya zauna yana kallon ɗaya fiffiken, lafiyayye, ko ƙwarzane babu. A duk rayuwarsa bai taɓa sa allura a ƙwaryar da ba ta tsage ba, haram ne ma a wurinsa. Ya yi tsaki, ya yanko wani ƙyallen daidai da na farko, ya ɗinka shi a lafiyayyen fiffiken, ya naɗa masa guntuwar waya shi ma. Ya ɗora a yatsa, abin ya tsaya cak. Igiyoyin biyu ma ya ɗaure su a kututture ya ja baya da su, ya tarar ɗaya ta fi ɗaya, ya rage ta.

Bayan la'asar iskar yamma ta taso, jan-baki suka taso tare da ita. Halliru ya kwantar da shahon a kan tudun, ya zuba ƙasa, ya ja baya, ya yi bisimilla, ya fizga.

Abin ya miƙe sama sak, igiya tana kuka a hannunsa. Ya ji ana jan sa kamar ɗan maraƙi ya ga uwarsa. Bai san yadda ake sarrafa shi ba, hannunsa na dama ya ɗan motsa, shahon ya karkata dama ya sheƙo ƙasa. Cikin firgita ya ja hagu, ya juyo ya share saman geron. Ashe kuma ƙara gare shi. Ƙyallen yana karkarwa a iska yana wani ruri mai kauri da ake ji har nesa. Inuwarsa ta gifta kan zangarniya, jan-baki suka tashi gaba ɗaya, suka yi fadama ba waiwaye.

Halliru ya ji wata murya tana dariya, a dushe, ashe tasa ce. Ya faɗo da shi sau da yawa a yammacin, ya sake tayarwa, kafaɗunsa suna zafi bai kula ba. Kafin rana ta faɗi ya iya kai shi gabas ya dawo da shi yamma. Tsuntsu ko ɗaya bai sake sauka ba. Ya tsaya yana duban gonar, ya ga abin da aka ci bai kai wanda ya rage ba. In aka ci gaba haka zuwa girbi, rumbu zai cika.

Washegari ma haka. Da hantsi iska ta samu ya tayar da shi, da la'asar ya sake. Yana cikin na la'asar ɗin ne ya ji ana kiran sunansa. Ɗanmusa ne, yana dogara sanda, yana jan ƙafa tsakanin kunyoyi, kansa a sunkuye. Halliru ya yi murna har cikin ransa. Ya saukar da shahon a hankali gefen gona, abin da bai taɓa iyawa ba sai yau, ya taho yana goge zufa.

Ɗanmusa bai amsa gaisuwa da kyau ba. Ya zauna bakin rumfa ya daɗe yana numfashi.

"Halliru, kai ne da abin ga da ka ruri sama?"

"Ni ne. Ka ga tsuntsu ya bar ni."

"Jiya da munka ji shi, tsohuwa Hafiza cikin rumbu ta shige, da ƙyar munka fiddo ta. Kowa ya aza jirgin soja ne." Ya ajiye sandarsa gefe. "Ba mu kaɗai munka ji ba. Wani makiyayi ya biyo da safe, ya ce mutanen daji na tambaya. Sun ce wa ad da ɗan jirgin da ka shawagi bisa Tungar Aduwa, wa ka nuna ma soja wurinsu."

Halliru ya tashi ya jawo shahon, ya ajiye shi a gaban abokinsa. Ya kama hannun Ɗanmusa ya ɗora a kan mahon.

"Taɓa ka ji. Ƙyallen lema ne da wayar keke. Lemar Inno ce ma."

"Na taɓa, na ji. To wa za ya kai musu su taɓa? Kai ko ni?"

Halliru ya janye shahon gefe, Ɗanmusa ya ci gaba.

"Mu da munka rage ba mu iya gudu, ka sani. In sunka zo, inda muke zaune nan za su ishe mu. Don Allah, don zumuncin da ke tsakaninmu, kak ka ƙara tada shi."

"Kwana kaɗan ya rage a yi girbi, Ɗanmusa. Ko da yamma kaɗai."

"Ko sau guda."

Halliru ya dubi gonar, ya dubi tsohon da suka yi kiwon awaki tare, gwiwarsa a kumbure kamar tulu. Da a ce ƙarya Ɗanmusa ke yi, ko hassada ce, da ya samu abin da zai yi fushi da shi. Babu. Ya durƙusa ya soma naɗe igiyoyin a hannu, a hankali, kamar ba ya so su ƙare. Ya zare sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe ƙyallen a kansu, ya tura cikin buhu.

Ɗanmusa ya dafa sanda ya miƙe. Har ya juya, Halliru ya ce:

"Amma dai ka gan shi sama, ko? Ka ga yadda shika juyawa?"

"Ban gani ba, Halliru. Da nij ji rurin, kifewa niy yi cikin ɗaki. Ba wanda ya ɗaga kai cikinmu."

Ya tafi yana jan ƙafa. Halliru ya zauna da buhun a cinya. Ba a jima ba hayaƙin nan ya taso daga fadama, ya yi shawagi sau ɗaya a saman gonar kamar mai tambaya, ya sauka. Halliru ya ɗauki gwangwani ya kaɗa, ya ruga yamma suka koma gabas, ya ruga gabas suka koma yamma. Haka ya yi ta yi har ranar girbi, don ba zai iya zama yana kallo ba. Abin da ya ɗaure bai rufe ko gindin rumbu ba.

Ranar da ya gama, ya hau tudun da ake samun layin wayar Nijar, ya kira Inno. Ta ɗauka da sauri, yana jin hayaniyar gidan mutane a bayanta, yara da tabarya da rediyo.

"Malam, ƙaƙa gero?"

Ya buɗe baki zai ba ta labarin lemarta, da yadda abin ya miƙe sama, da yadda igiya ta yi kuka a hannunsa. Ya rasa ta inda zai soma wa wanda bai gani ba.

"Tsuntsu ya ci," in ji shi. "Ki gaya ma yayanki ina tahe ran kasuwa."